Malamar ɗana ta ce in kai shi asibiti: ƙiriniya ce ko larura?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya tsaya min a rai tun ranar Alhamis. Yarona shekararsa 7, yana aji biyu a wata makarantar kuɗi a nan Rijiyar Zaki. Na je ɗaukarsa sai malamar ajinsu ta ja ni gefe, wai in daure in kai shi a duba shi, tana zargin yana da abin nan da ake kira ADHD, wai larurar rashin natsuwa. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce Malama, yaro da ƙuruciyarsa? Ta ce Hajiya, shekarata 9 ina koyarwa, na san ƙiriniya, wannan ta wuce nan.

Ba zan ƙaryata ta duka ba. Sadik ba ya zama. In yana cin tuwo, loma biyu ya miƙe, ya zagaya tsakar gida ya dawo. Zangon nan kaɗai fensirinsa na 14 ke nan, robar ruwa 3, takalmi ƙafa ɗaya har yau ba mu gan shi ba. Ki aike shi bakin layi ya sayo Maggi, sai ya dawo da kuɗin a hannu yana ba ki labarin akuyar da ta haihu. Watan jiya ya fizge hannunsa ya faɗa titi don ya hango ƙwallo, Allah ne ya sa mai adaidaita sahun ya taka birki. Babansu kuwa cewa ya yi shi ma haka ya yi yana yaro, ga shi ya girma lafiya, kada in kuskura in kai masa ɗa wajen likitan ƙwaƙwalwa. Na rasa ta cewa. Ta yaya ake bambanta ƙiriniyar da kowane yaro ke yi da wadda ta zama larura?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki 'yata. Tara na haifa, shida maza, a Yakasai na raine su. Akwai wanda ya karye sau biyu daga kan katanga, akwai wanda sai da muka sa wa murfin rijiya kwaɗo saboda shi. Yau duk ga su da iyalinsu. A zamaninmu yaro in ya dawo makaranta ya ci abinci ya fice, langa, ƙwallon tsumma, gara taya, sai magariba ya shigo buɗu-buɗu, ba a gama yi masa wanka ba ya fara gyangyaɗi. Ku kuwa kun kulle su a gida mai get, tsakar gida duk tayil, daga boko sai lesin, daga lesin sai Islamiyya, a dawo kuma ga aikin gida. To ƙarfin da Allah ya zuba masa ina zai kai shi? Ɗan akuya ma in ya wuni a turke kika kwance shi, sai ya yi ta tsalle.

Baban Walid:
Hajiya ta gama magana. Ciwon Turawa ne suke so su kawo mana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A samo 'yar tsumagiya a rataye a falo, kwana uku za ki ga canji.

Ummu Safwan:
'Yar uwa, a riƙa yi masa azkar safe da yamma, a tofa a shafe shi. Kuma a hana shi fita da magariba. Wani lokacin baki ne.

Maman Ilham:
Ki duba zaƙi ma. Nawa in suka sha lemon kwalba da alawa gidan ba ya zaunuwa. Da waya.

Maman Sadik:
Na gode duka. Ummu Safwan, addu'a kullum muna yi, ba mu fasa ba. Baban Walid, maganar bulala kuwa ka taɓo min inda yake min ciwo. An yi ta har na gaji, babansu ya yi, kawunsa ya yi. Abin da na lura shi ne, yayansa Faruk in aka dake shi a kan abu, to ya bar shi ke nan, ko kuma ya koma yi a ɓoye. Sadik ba ya ɓoyewa. A gabanki zai sake yi bayan minti biyar, hawayen bai ma bushe ba, ki kalle shi ya zaro ido ya ce Mama wallahi na manta ne. Kwanaki ina shafa masa mai da daddare ya ce, Mama, ni mugun yaro ne? Na ce wa ya faɗa maka? Ya ce kowa. Tun daga ranar hannuna ya yi sanyi.

Malam Bashir:
Subhanallah. Bari in sa baki a matsayina na malamin firamare, shekara 16 ina riƙe alli. Ajina bana yara 83 ne, kuma a cikinsu masu ƙiriniya sun fi 30. Amma ƙiriniya iri-iri ce.

Mai ƙiriniya ta yau da kullum ya san inda yake yin ta. Yana ganin hedimasta ya doso, sai ya zama waliyyi, kuma zai iya riƙe waliccin har a tashi. In ka ce wanda ya gama rubutu zai fita tara da wuri, shi zai fara gamawa. Akwai kuma wani iri, ba su da yawa, kowace shekara nakan samu biyu ko uku. Shi wannan yana so ya zauna. Na taɓa ganin wani ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa don kada ya taɓa na kusa da shi, ba a yi minti biyu ba ƙafa ta fara rawa, can sai ga shi a bakin taga bai san ya tashi ba. Ka yi tambaya, kafin ka rufe baki ya amsa, kuma amsar wata tambaya ce daban. Yara ba sa son sa shi a wasa don ba ya jiran layinsa ya zo. Ni abin da nake kallo ke nan: in ya yi niyyar tsayawa, yana iyawa?

Sai dai ina da tambaya. Su waye sa'o'insa a ajin? Don makarantun kuɗi sun ɓata lissafi. Ƙa'idar ƙasa shekara 6 ake shiga aji ɗaya, amma za ka ga ɗan shekara 4 an tura shi, iyaye suna alfahari an tsallakar da shi. Sannan a zo ana cewa ba ya natsuwa.

Maman Sadik:
Malam, a ajinsu yana cikin manya ma, da shekara 6 cif ya shiga aji ɗaya. Wancan yaron da ka siffanta mai danne hannu, kamar ka ga Sadik.

Dakta Amina:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki, na bi zancen tun daga sama. Maman Sadik, ba zan iya ce miki yana da ita ko ba shi da ita ta waya ba, malamarsa ma ba hurumin ta ba ne ta yanke, amma ta kyauta da ta faɗa miki.

ADHD a Hausance larura ce ta ƙarancin natsuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu. Ba taɓin hankali ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba, da yawansu suna da kaifin ƙwaƙwalwa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke sa mutum ya dakata kafin ya aikata, ya tsara, ya tuna abin da aka sa shi, shi ne aikinsa yake jinkirin ƙosawa a wajensu. Doki ne mai ƙarfi, linzamin ne bai kama ba tukuna.

Kuma abin da Malam Bashir ya faɗa, kusan shi muke bi, sai dai mu a rubuce. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, wadda ake amfani da ita a wurare da yawa, ta jera alamu 9 na rashin maida hankali, irin su yawan ɓatar da kaya, mantuwa, kasa ƙarasa aiki, a yi masa magana kamar ba ya ji, abu kaɗan ya ɗauke masa hankali. Ta kuma jera 9 na motsi da gaggawa: mutsu-mutsu, tashi daga mazauni, hawa abin da bai kamata ba, surutu, katse mutane, kasa jiran layi. Sai yaro yana da aƙalla 6 a ɓangare ɗaya ko a duka biyun. Na san wasu za su ce to ai duk yaran Kano ke nan. Shi ya sa sharuɗɗan da ke biye suka fi alamun muhimmanci. Sai abin ya kai wata 6 yana nan, ba na bayan an yi masa ƙani ko an sauya gida ba. Sai ya zarce na sa'o'insa a fili. Sai wasu alamun sun bayyana kafin shekara 12. Sai ana ganinsa a wuri biyu ko fiye, gida da boko, ko boko da Islamiyya. Na ƙarshe kuma shi ne babba: sai yana cutar da yaron, a karatunsa, ko zamansa da yara, ko lafiyarsa. Yaron da ke tsalle daga safe har dare amma karatunsa na tafiya, yana da abokai, yana jin tsawa, wannan lafiyarsa ƙalau, a ba shi fili kawai.

Duniya gaba ɗaya, kimanin yara 5 cikin 100 ne suke da ita. Wato a ajin Malam mai 83, wajen 4, ba 30 ba. Ka ga ƙiyasinsa na biyu ko uku bai yi nisa ba.

Baban Walid:
Dakta, da girmanki, amma me ya sa iyayenmu ba su san ta ba? Sai yanzu da aka samu maganin sayarwa?

Dakta Amina:
Sun san ta mana, suna ne daban. Su ne ake ce wa mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, wanda ba ya jin bari. Ko a wajen Turawan ba sabuwa ba ce. Wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan masu kasa tsayar da hankali tun 1798, George Still kuma ya gabatar da laccoci a Landan a 1902 a kan yara masu irin wannan hali. Duk kafin a san maganin.

Maman Sadik, maganar maigidanki ta sa ni murmushi. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso 70 zuwa 80 cikin 100 a wannan larura. In uba ya ce min ni ma haka na yi, ba na rufe fayil, ƙara buɗe kunne nake.

Maman Sadik:
Dakta kin sa ni dariya cikin damuwa. Mutumin da kullum sai mun nemi mukullin mota!

Maman Ilham:
To zaƙin fa? Ni da idona nake gani.

Dakta Amina:
An gwada wannan sosai. A ba wasu yara sukari, wasu abin zaƙi marar sukari, ba tare da yaran ko iyayen sun san wanne aka ba wa ba. A 1995 aka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje, ba a ga bambanci a halayyar yaran ba. Har akwai wanda aka ce wa iyaye mata an ba 'ya'yansu sukari alhali ba a ba su ba, sai ga su suna cewa yaran sun fi ƙiriniya. Ki tuna yaushe ake shan lemon: biki, suna, Sallah, gida cike da yara. A rage zaƙi don haƙori da ƙiba, wannan kam.

Maman Ilham:
Hmm. Ni dai ban gamsu ba, amma na ji.

Maman Sadik:
Akwai abin da ke rikita ni. In na ba shi waya yana kallon katun, awa biyu ko motsi ba ya yi. Babansu ya ce wannan kaɗai ya isa hujja, da gangan yake yi.

Dakta Amina:
Kusan kowace uwa sai ta kawo min wannan. Waya kowane daƙiƙa tana ba shi sabon abu, launi, ƙara, lada nan take, ba ya buƙatar riƙe hankalinsa, ita ke riƙe masa. Inda ake gane larurar shi ne aikin da ba daɗi kuma ladansa yana nesa: kwafar rubutu daga allo, hadda, jiran a zuba abinci. Wasunsu ma in suka nutse a abin da suke so, sai kin girgiza su.

Sista Hadiza:
Dakta, bari in ƙara abin da muke gani a ɗakin yara, don kada kowa ya tafi da ADHD a baki. Yara da yawa da ake kawowa wai ba sa natsuwa, wani abu ne daban. Wani kunne ne, ya sha fama da ruwan kunne yana ƙarami, yana zaune a bayan aji ba ya jin malam, to me zai yi in ba wasa ba? Wata ido ne, ba ta ganin allo. Wani yunwa ce zalla, koko kawai ya sha ya fito. Wani ƙarancin jini. Akwai wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro zai ƙame ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, sau da yawa a rana, a ce ba ya maida hankali. Masu sikila wani lokaci ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sukan toshe ba a sani ba, sai karatu ya ja baya. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ma yakan sauya hali bayan ya warke.

Sai barci, wanda muka fi rainawa. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12. A lissafa: yaro ya kwanta sha ɗaya saboda zafi da sauro da jiran a kawo wuta, a tashe shi biyar da rabi. Babba in bai yi barci ba sanyi yake yi, yaro kuwa birkicewa yake. In yana munshari da baki buɗe, a duba hanci da maƙogwaro.

Dakta Amina:
Sista ta cike min. In ƙara biyu. Bakwaini da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi shiga haɗarin larurar. Sai gubar dalma. Kowa ya tuna Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan da ake dakan dutsen zinare. Wancan mai yawa ce. 'Yar kaɗan ba ta kisa amma tana taɓa natsuwa da fahimta, kuma kwallin dutse da muke ranɓaɗa wa jarirai an sha auna shi an samu dalma mai yawa a ciki. Haka gidajen da ake fasa tsohon batirin mota.

Hajiya Mai Atamfa:
Yau kuma kwalli ya shiga uku! Dakta, duk wanda ke zauren nan da kwalli aka raine shi, har ke.

Dakta Amina:
Har ni, Hajiya, ba musu. Amma jikokinki dai a ɗaga musu ƙafa.

Alhaji na Kwari:
Ban saba magana a nan ba, matata ce ta ce in karanta. Shekarata 44. Ni ne yaron nan. A makarantar allo malam har igiya ya taɓa sa min a ƙafa. Sa'o'ina suka sauke, ni ina izu biyar. Ba don ban gane ba, in aka biya min sau ɗaya na riƙe, amma in zauna in maimaita sau ashirin, ji nake kamar ana soya ni. A boko aji uku na sakandare na tsaya. Allah ya taimake ni yayana ya ja ni kasuwa, a nan ne tafiya da surutu suka zama jari. Amma har gobe ba na riƙe littafin bashi, yaro na ɗauka don wannan, saboda na yi asarar da ba zan faɗa ba. Baban Walid, na sha dukan da kai ba za ka iya yi wa ɗanka ba. Bai ƙara min natsuwa ko ta minti ɗaya ba, abin da ya koya min shi ne ƙarya da gudu. Abokina da muka taso, halinmu ɗaya, shi bai samu mai jan sa ba, shaye-shaye ya ɗauke shi. Don haka masu cewa mu ma haka muka yi ga mu lafiya, waɗanda suka tsira ne suke magana.

Baban Walid:
Allah ya jiƙan iyaye. Alhaji, ban ce a kashe yaro ba. Amma ka ambaci shaye-shaye, to nan ne tsorona. Garin nan mun ga abin da kodin ya yi kafin a hana shi a 2018. Yanzu kuma a ɗora ɗan shekara 7 a kan ƙwaya?

Dakta Amina:
Tsoronka yana kan hanya, kuma ba kowane yaro ake ba magani ba. Wanda bai kai shekara 6 ba, da horar da iyaye ake farawa. Ko babba, gyaran gida da makaranta yana cikin maganin. In abin ya yi tsanani, akwai metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, tun shekarun 1950 ake amfani da shi. Yana cikin magungunan da doka ta tsaurara, sai da takardar likita, ana farawa da kaɗan, ana auna nauyin yaro da tsawonsa da bugun jini, don yakan rage cin abinci ya kuma hana barci in an sha da yamma. Ba mai sa maye ko barci ba ne a yadda ake ba da shi. Abin da bincike ya nuna, larurar da aka bari ba kulawa ita ke ƙara haɗarin shaye-shaye, shan maganin bisa ƙa'ida bai ƙara shi ba.

Abin da nake roƙo a daina shi ne zuwa kemis a sayo Piriton ko maganin tari a ɗura wa yaro don ya yi barci a huta. Ana yi, na sani, musamman ranar biki. Yana da haɗari, wasu yaran ma ƙara birkita su yake.

Maman 'Yan Biyu:
Ni tawa matsalar akasin ta Sadik ce, ban sani ba ko nan ne wurinta. Hassana shekararta 10, shiru-shiru, ko ƙuda ba ta korewa. Malamai suna yabon ladabinta amma ita ce ta kusa da ƙarshe. Ki ce ta ɗauko tsintsiya a kicin, sai ki same ta tsaye tana kallon tukunya. Aikin gidan minti 20 sai ta kai isha. Usaina kuwa tsaf. Kakarsu ta ce sakarci ne.

Dakta Amina:
Nan ne wurinta. Larurar kala uku ce: mai rinjayen motsi, mai rinjayen rashin maida hankali, da mai haɗa biyun. Ana gano ta a maza kusan ninki biyu na mata, wani ɓangare na dalilin shi ne mata sun fi zuwa da irin ta shirun, ba sa damun kowa, sai a yi ta kiransu sakarkaru har su yarda. Amma Hassana a fara da kunne da ido da farfaɗiyar da Sista ta faɗa, a kuma duba ko karatun ne kansa yake mata wuya. In kin same ta a tsaye, ki kira sunanta ki taɓa ta. Tana juyowa nan take? Ki riƙe amsar ki kai wa likita.

Malam Auwalu:
Ni a Islamiyya nake, ajin hadda. Ina so in ce wa Ummu Safwan, addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Kuma mu malamai mu ji tsoron Allah. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, jikansa ya hau bayansa yana sujada, ya tsawaita sujadar har yaron ya sauka don kansa. Mu kuwa ɗan shekara 6 muke so ya tanƙwashe ƙafa awa biyu. Ina da ɗalibi irin wannan. Na dawo da shi gabana, na mai da shi mai goge allo da raba littattafai, haddarsa aya uku-uku, yana zagaye baranda yana karantawa. Wanda a da ba ya kawo komai, bana ya haɗa izu biyu. Ban ce ya warke ba, jiya ma ya fasa mana buta.

Malam Bashir:
Haka ne Malam. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ka kira sunansa ya kalle ka tukuna, ya maimaita abin da ka ce. Nesa da taga. In ya yi daidai ka yaba a take, kada ka bari sai ƙarshen zango. Kuma kada a hukunta shi da hana fita tara, ranar kai za ka sha wuya. Maganar shekaru da na yi ɗazu ma, na ji an auna ta a waje.

Dakta Amina:
An auna. A Amurka, a jihohin da ake yanke shekarar shiga makaranta ranar 1 ga Satumba, wani bincike na 2018 ya gano yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, an fi ce musu suna da larurar da kusan kashi ɗaya cikin uku a kan 'yan Satumba. Wata 11 ne kawai tsakaninsu. To ina ga wanda aka tsallakar da shi shekara biyu?

Hajiya Mai Atamfa:
To kun ga ai maganata ta fito. Su ma likitocin suna kuskure. Ni dai har yanzu ina nan a kan a bar yara su yi wasa. Amma labarin Alhaji ya tuna min da na huɗuna. Shi ne mai rijiyar nan. Sana'a bakwai ya fara, ba wadda ya riƙe, aurensa biyu ya mutu. Kullum cewa nake ya girma lafiya. Allah ya sa ba mu muka yi sakaci ba.

Ummu Safwan:
Hajiya, ba ku sani ba ne a lokacin. Allah ya shirya mana su.

Dakta Amina:
Wasan kuwa likitoci suna bayanki, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai kullum. Mai larura da marar ita.

Maman Sadik:
Na dawo. Jiya na bi shawararku na je Islamiyyarsu, ban faɗa wa malamin komai ba, na ce yaya Sadik? Ya yi dariya ya ce Hajiya, dama ina neman yadda zan fara miki. Duk abin da malamar boko ta faɗa, shi ya maimaita. Na kira Innarmu a Gwammaja inda yake hutu, ta ce ita tun yana shekara 4 take ɓoye ashana da wuƙa in zai zo. Wuri uku ke nan. Barci kuwa na lissafa, bai fi awa 8 yake samu ba, wannan laifinmu ne, daga yau tara ta yi masa a gado. Na ba babansu wayar ya karanta abin da Alhaji ya rubuta. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce a je, amma ba asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba. Dakta, ina za mu fara, kuma hoton kai za a yi masa?

Dakta Amina:
Ku fara da likitan yara, ba sai an je Dawanau ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen yara da na lafiyar ƙwaƙwalwa, in akwai buƙata likitan yaran zai tura ku. Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna ADHD, duk wanda ya ce zai gano ta da hoto, ki riƙe kuɗinki. Tambayoyi ne masu yawa, tun daga goyon cikinsa, da takardar da ke za ki cike, malamarsa ma ta cike tata, sai duba kunne da ido da jini in an ga dalili. Ba lallai a gama a zuwa ɗaya ba. Ki tafi da sakamakon jarrabawarsa na baya da littattafan rubutunsa, ki roƙi malaman biyu su rubuta abin da suke gani. Babansa ya zo, ina da tabbacin za a yi masa tambayoyi shi ma.

Maman 'Yan Biyu:
Maman Sadik, in kin sa rana ki taɓa ni ta gefe mu tafi tare da Hassana. Na gwada kiran sunanta ɗazu, sai a na uku ta juyo.

Maman Sadik:
To, Talata in Allah ya kai mu, ki fito da wuri saboda layin kati. Af, takalmin nan ya fito. A cikin buhun gero, Faruk ya gan shi da zai ɗebo na kunu.